Fanna, Ki Faɗi Kuɗinki Kafin Ki Taɓa Ƙafar Kowa

Fezzan, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Fanna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, ko kina kan hanya cikin amincinSa. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da direba mai gyangyaɗi. Na cusa ta a jakarki tsakanin lafaya da kwalbar turaren wuta, don na san ko ba ki nemi komai ba, za ki nemi turaren. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. Da a waya zan faɗa miki, to na san halinki a waya: "To Mama, to Mama," har katina ya ƙare ba abin da ya shiga kunnenki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne gwajin da muka yi jiya da la'asar a tsakar gida. Na ce ni ce Likita Modu, mai asibitin da ya kira ki aikin duba ƙafa, ke kuma ki yi sallama ki shigo yadda za ki yi in kin je. Har tabarau na aro wurin maƙwabciya na ɗora a hanci. Kin shigo, kin durƙusa, kin gaishe ni da kyau. Na yi gyaran murya na ce, "To Fanna, nawa kike ganin za mu riƙa ba ki a wata?" Sai kika sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi, kika ce, "Duk abin da kuka ga ya dace."

Ni ce fa, uwarki, a kan tabarmarmu, da tabarau na aro. Mun yi dariya har akuyar gidan ta bar tsakar gidan, amma ni dariyar iyakarta baki. Muryata na ji tana fitowa daga bakinki. Da maganar nan na yi duk shekarun aikina ina ƙunshi da dilka, ina gyara ƙafar amaren garin nan, kuma har yau a ɗakin haya kika bar ni. Ke kin yi karatun nas, kin ƙara da na ƙafa, kin san yadda ake lallaɓa gyambon mai ciwon suga har a tsira da ƙafar ba a yanke ba. Aikin kuma ba na kullum ba ne, 'yan kwanaki ne a mako, daga safe zuwa azahar. Abin da aka yanka miki a zaman nan na farko, da shi za ki biya haya a garin da ba naki ba, da shi za ki shiga mota, da shi za ki ci. In kika bari ya fito ƙarami, haka zai zauna ƙarami, don ban taɓa ganin mai biya ya farka da safe ya tuna cewa ya kamata ya ƙara ba.

Kin san Likita Modu ɗan Hajja Zara ne ta Umarari, matar marigayi babban dillalin kifin nan na Baga Road. Abin da ba ki sani sosai ba shi ne yadda na yi aiki a gidansu tun ba ki da wayo. Kada ki ɗauka mutanen banza ne. Suna da kirki, suna da fara'a, ba a shiga gidansu a fito da yunwa. Kirkin nasu ne ma ya fi wahalar da ni, don mai mugun hali kina iya ɗaure masa fuska, amma wadda ta tarbe ki da "lale, lale" ta shimfiɗa miki darduma, ta ina za ki fara?

A sana'armu, yadda na koya wurin gwaggota, mai lalle ba ta faɗin kuɗi. Abin kunya ne, sai a ce kina sayar da albarkar amarya. In kin gama za a kawo tukuici a rufe da faifai, ki juye a jaka ba tare da kin kalla ba, ki yi godiya, ba ki duba sai kin isa gida. Haka na tashi na gani, haka na yi.

Bikin babbar 'yar Hajja Zara shi ne babban aikina na farko a gidan. Tun daga dilka har ƙunshi ni na yi, bayana kamar zai karye. Ranar sallama Hajja ta kira ni ɗaki ta ce, "Yagana, naki nawa ne?"

Na ce, "Haba Hajja, duk abin da ya samu."

Ta yi mini sannu da Kanuri, ta ce, "Wushe, wushe. Ai ke 'yar gida ce."

Ba a kawo faifai ba ranar. Wani ƙaton kwali aka fito da shi an ɗaure da igiya, maza biyu suna nishi suka sa shi a bayan tasi. Duk hanyar nan daga Umarari zuwa Fezzan ina lissafi a raina: atamfofi ne, ko kwanuka, ko dai keken ɗinki ne aka kwance? Na ji wani wari-wari a motar, na ce direban ne ba ya wanke mota. Da muka iso ban yi ƙasa a gwiwa ba na kira matan gidan duka su zo su taya ni ganin alheri. Na yanke igiya na buɗe. Banda ce, Fanna. Busasshiyar tarwaɗa, an jera ta har baki.

Gaskiya kifi ne mai kyau, na farkon zaɓi, ba zan ci amanarsa ba. Amma ɗakina ɗaya ne, kuma a cikinsa nake ajiye dilka da humra da turaren wuta. Kafin mako ya zagayo komai nawa ya ɗauka, har matashin kai. Kyanwoyin unguwa duka suka san ƙofata, in na fita suna raka ni har bakin titi. Amaryar da na gyara bayan wannan, dangin ango suka shigo ganinta, wata ta ɗaga hanci ta ce, "Ikon Allah, amarya tun ba a kai ta ba har ta shiga kicin?" Mai gidan haya kuwa na kai masa manya-manya na ce ga ɗan abin miya. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka, sannan ya ce yana nan yana jiran kuɗin wata.

Na ba ki wannan labari ne saboda abin da kika ce Likita ya faɗa miki a waya, wai albashin ba shi da yawa amma akwai alheri iri-iri. 'Yata, ki sa ya kwance kwalin nan a gabanki. Ki tambaye shi cikin ladabi, alherin mene ne da mene ne? Kuɗin mota ne? Ɗaki ne, kuma ɗakin naki ne ke kaɗai ko na ajiye kwalayen magani ne aka sa katifa? Abincin rana ne? Ki ji kowanne da sunansa. In ya ce da salla ana raba shinkafa da atamfa, ki ce Allah Ya saka da alheri, ki karɓa in lokacin ya zo, amma kada ki yarda a lissafa shi cikin albashi. Abin da mai gidan haya ba zai karɓa ba, kyauta ce. Kuma in kika ji ya ce ke 'yar gida ce, ki yi murmushi, ki gyara zama, ki ƙara buɗe kunne.

Sai maganar daga safe zuwa azahar. Ita ma tsohuwar ƙawata ce. Hajja Zara ba ta taɓa aiko mini cewa in zo aiki ba. Cewa take, "Ki ɗan leƙo da safe, mutum ɗaya ne kawai." Wata rana na ɗan leƙa. Ko tukunya ban sauke ba, na bar wa maƙwabciya na ce yanzun nan zan dawo. Ƙafar yarinyar da aka kira ni dominta na gama kafin rana ta yi zafi. Ina wanke hannu sai gwaggonta ta miƙo tata ƙafar ta ce, "Tunda kin kwaɓa, kar ya lalace." Bayanta ƙanwar uwa. Bayanta wasu baƙi da suka zo daga Monguno, suka jera ƙafafu a kan tabarmi tun daga bakin ɗaki har gindin rijiya. Lallen da ake tsoron kar ya lalace ya ƙare, aka aika kasuwa aka sayo wani, aka ce in bayar da kuɗin tukuna.

Can da la'asar aka fito da kakar gidan a kan kujera, wai tunda ina nan in ɗan goge mata kaushi. Fanna, na ga kaushi a rayuwata, amma wannan daban ne. Na jiƙa, na goga, na sake jiƙawa, dutsen ne yake raguwa. Ita kuma tsohuwar tana da jin cakulkuli, ina taɓa tafin ƙafar sai ta yi dariya ta harbe ni, sannan ta zage ni da Kanuri wai ba ni da natsuwa. Na koma gida bayan magariba, tukunya ta ƙone, maƙwabciya ta yi fushi. Na juye jaka na duba tukuici. Na mutum ɗaya ne, tunda don mutum ɗaya aka kira ni.

Don haka ki tambaye shi tun yanzu: in azahar ta yi ga mutane a kan benci, yaya ke nan? Na san ki, ba za ki iya tashi ki bar tsoho da gyambo a buɗe ba, kuma ni ma ban ce ki tashi ba, ba haka na rene ki ba. Amma a yi maganar kuɗin wannan ƙarin lokacin kafin ya zo. Sauran kwanakin da ba na aikinsa ba kuma naki ne. Ki faɗa masa a fili cewa za ki nemi wani wurin ki cike mako, ki ji ko yana da ja. Wanda ya sayi safiyarki bai sayi yammacinki ba.

Ga wani abu kuma. Hajja Zara yanzu a wurin ɗan nata take zaune a Kano, kuma suga ya kama ta. Ƙafafunta na san su fiye da nawa, babban yatsan hagu farcensa shiga nama yake yi, kada ki bari kowa ya sa masa reza. Za a ce ki ɗan biya ta gida ki duba Hajja. Ki duba ta, tsohuwa ce, kuma tana da haƙƙin gaisuwa a kanmu. Amma ki tambayi ɗanta tun farko ko zuwa gida yana cikin aikin ko ba ya ciki. Bayan Hajja akwai ƙawayen Hajja, kowacce da ƙafa biyu, kuma duk za su ce tunda kin zo da kayan aiki.

Kada ki zaci ban taɓa gwada faɗin kuɗina ba. Na gwada, kuma yadda na gwada shi ne abin da ba na so ki yi. Kin san Madam Ngozi mai shagon kayan kwalliya a kasuwa, wadda nake sayen salatif na zanen lalle da leda a wurinta. Wata rana ina ba ta labarin kaushin tsohuwar nan ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye almakashi ta ce, "Yagana, kai mutum ne ko kai famfon unguwa ne? Kowa ya zo ya ɗiba ya tafi?"

Na ce, "Madam, mu al'adarmu ba a faɗa."

Ta ce, "Ni ko allura kai zai saya, sai na faɗa kuɗi kafin kai taɓa. Ka faɗa kuɗi. Ba wanda zai mutu."

Maganar ta shige ni. Da bikin 'yar Hajja Zara ta biyu ya zo, na ƙulla a raina cewa wannan karon sai na faɗa. Duk hanya ina maimaita adadin a bakina kamar mai tilawa. Na shiga da ƙarfina, sai aka fara gaisuwa. Kin san gaisuwarmu ta Barno. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya zafi, yaya masu jiki, wushe, wushe, a juyo a sake daga farko, kuma kowace tsohuwa a ɗakin sai an yi da ita. Kafin mu gama, ƙarfin halin da na zo da shi ya tsiyaye tas. Aka ce ga amarya nan, sai na tsinci kaina a durƙushe ina yanka salatif.

Na gama zane, na lafta lalle, na naɗe ƙafafun da leda na sa mata safa. Amarya ta miƙe ƙafa a kan matashi, ba damar takawa sai an kwance. A daidai nan ne muryar Madam Ngozi ta dawo mini. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba a tsakiyar mata, na ce da ƙarfi, "Kafin in kwance ƙunshin nan, kuɗina kaza ne."

Amarya ta kalli ƙafafunta, ta kalle ni, ta fashe da kuka. Wata gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu, ta riƙe ƙafar yarinya jingina." Hajja Zara ta taso a hankali ta dafa goshina ta ce, "Yagana, an yi miki wani abu a gida ne?" Ta sa aka kawo mini ruwan sanyi, wata tsohuwa ta yi tofi a ciki. Kafin in koma Fezzan labarin ya riga ni isa, kuma ya yi ƙiba a hanya: wai na kulle ɗakin amarya na jefa makulli a rijiya.

Wannan bai ishe ni ba. Bayan an natsu Hajja ta ja ni gefe ta ce, "To nawa kika ce?" Na maimaita, amma muryar ta riga ta sauka, adadin ma ya ɗan sauka da ita. Hajja ta yi shiru. Na ce a raina shi ke nan na ɓata mata rai, sai na ce, "Ko da yake ana iya ragewa." Na rage. Ba ta ce komai ba. Na sake ragewa. Ashe goro ne a bakinta take taunawa. Kafin ta haɗiye, na sauko da kaina har ƙasa da tukuicin da ta saba ba ni. Ta goge baki ta ce, "Allah Ya yi albarka. Ke kam ba ki da tsada."

To ki ji da kyau. Ki yi gaisuwarki cikakkiya, kada ki gutsure ta, babba ne kuma ɗan gidan mutunci. Ki tambayi Hajja, ki tambayi iyali, ki isar da gaisuwata. Amma ki riƙe abin da ya kai ki, kada gaisuwa ta tafi da shi. Ki faɗa kafin ki sa farar riga, kafin a nuna miki ɗakin aiki, kafin a ce ga wani bawan Allah nan ki ɗan duba shi tukuna. Da zarar kin kama ƙafar mutum ɗaya, lokacin magana ya wuce, duk abin da kika faɗa bayan nan sai a ce kin canza hali.

Adadin nan da kika raɗa mini a kunne jiya bayan na matsa miki, wanda kika ce shi ƙawayenki na makaranta suke samu, shi za ki faɗa, ki ɗan ɗora wani abu a kai don a sami abin ragewa. Ki faɗa sau ɗaya, da muryar da kike kiran mai ruwa in ya wuce ƙofa. Sannan ki rufe bakinki. In ya yi shiru, ki bar shi da shirunsa. Wataƙila lissafi yake, wataƙila wayarsa yake tunani, wataƙila shi ma goro ne. Ki yi ta salati a zuci har ya yi magana. In ya taya ƙasa, kada ki ji kunya ki ce a ƙara. A gidan ciniki aka yaye shi. Ubansa ya yi shekaru a Baga Road, ban taɓa jin ya sallama kwali ɗaya da "duk abin da ka ga ya dace" ba, kuma ba wanda ya ce masa marar kunya, Alhaji ake ce masa.

Akwai abubuwan da mai lafiya ba ya tuna tambaya. Shekarar da mahaifinki ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kina firamare, bayana ya riƙe. Durƙuson shekaru ne ya taru ya zo karɓar haƙƙinsa. Na kwanta ko juyi ba na iyawa, kuma ranar da ban fita ba, ba abin da yake shigowa. Mutane sun yi kirki, an yi ta zuwa dubiya. Hajja Zara da kanta ta zo da kunu a fulas, ta zauna a bakin katifa ta yi mini addu'a mai tsawo. Da za ta tashi sai ta ce, "Yagana, kafin ki warke, ba ki san wata mai lalle ba?"

Na ba ta sunan Kaltum, yarinyar da ni na koya wa riƙe salatif. Daga baya Kaltum ta zo gaishe ni, na tambaye ta yaya ta ga tukuicin gidan. Ta ce, "Wane tukuici, Ya Yagana? Ai ni tun a ƙofa na faɗi kuɗina." Ta gaya mini abin da ta faɗa, sai da na nemi tashi zaune duk da bayan. Na ce, "Suka ce me?" Ta ce, "Ba su ce komai ba. Suka biya, har da kuɗin tasi." Na juya fuskata bango na ce mata barci nake ji. Ba barci ba ne, baƙin ciki ne, kuma ba da Hajja nake ba, da kaina nake.

Ke ma sunkuyo za ki yi ta yi a kan ƙafafun mutane, kuma bayan irin nawa ne gare ki. Ki tambaya: in kin kwanta rashin lafiya, albashi yana tafiya ko yana tsayawa? A asibitin za a duba ki, ko ke da kike wanke gyambon wasu sai kin yanki kati kamar baƙuwa? In allura ta soke ki a bakin aiki, wa zai ɗauki nauyi? Akwai hutu, ko mai rabin yini ba ta gajiya a lissafinsu? Safar hannu da bandeji da ƙarafan yanke farce, wa zai saya? Ni duk rayuwata da lallena da ledata nake zuwa, in an cire kuɗinsu wata rana sai in ga ni na biya don a bar ni in yi aiki. Kuɗin sabunta lasisinki ma ki sako shi. Kuma kada ki ji nauyin tambayar hutun haihuwa don ba ki yi aure ba tukuna, tambaya ba ta kawo ciki. Duk abin da kuka daidaita a rubuta a takarda, ya sa hannu ki sa, ki riƙe taki. In ya ce haba, tsakaninmu sai an rubuta, ki ce masa ke ce mai mantuwa.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda na kasa faɗa miki jiya.

Bayan na warke na koma aiki gidan Hajja Zara, maganar Kaltum tana cina. Na gama ƙunshi aka kawo faifai kamar kullum. Ranar na yi abin da ba a yi: na ɗaga faifan a gaban kowa na duba. Abin da aka saba ne, ko ƙwandala ba ta ƙaru ba. Na mayar da faifan na rufe, na ajiye a kan tabarma, na ɗauki tirena na ɗora a ka, na fita ba sallama. Ina jin idanunsu a bayana, kuma wallahi daɗi na ji, ban taɓa jin tsayina kamar ranar ba.

Na kai zaure. A nan na tuna cewa da safen nan na karkaɗe buhun gero, kuma a makaranta an ce ku kai kuɗin jarrabawa kafin Juma'a. Na tsaya da tire a ka ina kallon titi. Ƙofar a buɗe take, ba wanda ya tare ni. Sai na juya na koma ciki.

Hajja ta ce, "Yagana, ina kika je?"

Na ce, "Takalmana na je kawarwa, kar rana ta buge su."

Na durƙusa na ɗauki tukuicin, na ce wushe, Allah Ya ƙara arziki.

Ban yi nadamar komawar nan ba, ko yau aka sake zan koma, don kin rubuta jarrabawar. Amma ina so ki san abin da na saya da ita. Ke ba ki da yarinya a gida da take jiran ki dawo da abin faifai. Ni ban ɗora tukunyata a kan albashinki ba, hannuna yana aiki har yanzu, kuma na fara faɗin kuɗina a ƙofa, ko da yake da ƙaramar murya. In Likita Modu ya ji maganarki ya daidaita da ke, alhamdu lillahi, ki riƙe masa aikinsa da amana, ki kama ƙafar talaka yadda za ki kama ta mai kuɗi. In kuwa ya ce abin da ya ga ya dace ke nan, kuma kin san ba zai riƙe ki ba, ki yi masa godiya, ki ce ya gaida Hajja, ki ɗauki jakarki. Masu ciwon ƙafa ba su ƙare ba a Kano, ba su ƙare ba a Maiduguri. Ko a ranar kika kamo hanyar gida ba zan ji kunyar kowa ba, ni zan je tasha in ɗauko ki.

Allah Ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya ba ki bakin magana a gabansu. Ya sa albarka a hannunki, duk ƙafar da kika taɓa ta taka ƙasa lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki kira ni in kin fito daga wurinsa ko me aka yi.

In kuma ta kama ki tashi, Fanna, ki tashi. Kada ki tsaya a zaure.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Yagana mai lalle.